Baƙin Man Ciki-da-falo

Kuɗin motar da ya kai ni Zariya ban roƙa ba, ba a kuma miƙa mini a hannu ba. A cikin takalmina na same shi. Na tashi da safe zan sa ƙafa sai na ji wani abu ya tokare mini yatsa, na zaro, ashe ƙullin leda ne. Baba, wato kakanku, ya kai buhun citta kasuwa bai gaya wa kowa ba. Na fito zan yi godiya na tarar ya riga ya tada injin niƙa, ƙara ta cika gida, ya yi kamar bai gan ni ba. Markus, kai da kake ta zumuɗin tafiya Abuja, matso da kwandon nan kusa. Hannu yana yanka citta, kunne yana ji. Rahila, wuƙar taki ba ta ci, karɓi wannan.

Haka mutanenmu na da suke. In ciyawa ta fi ƙarfin maƙwabci, ba a zuwa a ce masa an gani. Sai a yi sammako a nome masa a gudu kafin ya iso. In rumbun gwauruwa ya yi ƙasa, wata rana sai ta buɗe ta ga damin dawa da ba ta san da shi ba, kuma ba za ta tambaya ba. A wurinsu, ka nuna wa mutum ka ga gazawarsa, cin fuska ne. Baba kuwa ya fi kowa wannan hali. Ku riƙe shi a ranku, za mu dawo kansa.

Farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa, mai ita yana rataya ta a ƙugu don kowa ya shaida. Ni dai na iya tuƙi, don na yi yaron mota a manyan motocin citta, na kuma ɗauka ina sauka Zariya za a yi ta rububina. Babu wanda ya ko kalle ni. Kwangila ma, mahaɗar nan da ke tsakanin Samaru da Sabon Gari, sai da na yi wata ina ce mata Kwangiri, kwandastoci suna ta kwasar dariya. A ƙarshe na samu wurin raɓawa a garejin wani Inyamuri a Sabon Gari, Oga Emeka, ina wanke ƙarafa cikin fetur. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Hausarsa ta Sabon Gari ce, rabi Hausa rabi buroka, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa.

Ɗaki kuma na kama a Muchiya, gidan wata Bayarabiya, Mama Bose. Ba mu daɗe ba muka raba gari, kuma a kan guga ne. Na dawo daga gareji hannuna baƙi ƙirin, na ja ruwa a rijiya. Da safe sai ihu.

"Wane ne ya taɓa gugan nan?"

"Ni ne, Mama."

"Zo ka duba! Ruwa ne wannan ko miya?"

"Mama, ai kaɗan ne ya taso a sama."

"Kaɗan? To sha! Sha in gani!"

Ban sha ba, ita kuma ba ta haƙura ba. Tun daga ranar in kaza ta mutu a gidan, baƙin maina ne. In yaro ya yi gudawa, baƙin maina ne. Kafin ƙarshen damina na tarar da tabarmata da jakata a bakin ƙofa.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta zo garejin daga Samaru, Mama Hannatu, tsohuwar nas. Doguwa ce, ba ta dariyar banza, in ta dube ka ta saman tabarau sai ka ji kamar allura za ta yi maka. Ta ce tana da wata tsohuwar mota da take so a tada, tana kuma neman direban da zai riƙa taya ta ɗaga mijinta. Oga Emeka ya nuna ni da sifana ya ce, "Ga wannan. Shi ba shi da gida, ba shi da wayo, amma ba ya sata." Da wannan shaidar aka ɗauke ni aiki.

Ban taɓa ganin irin motar ba, har yau kuma ban sake gani ba. Gida ne sukutum aka ɗora a kan taya. Da gado a ciki, da ɗan teburi, da murhu, da kabad, har da labule a taga. Mijin Mama, Malam Gayus, tsohon malamin gona, shi ya saye ta tun da daɗewa daga hannun wasu Turawa da za su koma ƙasarsu. Ɗaliban jami'a masu wucewa suna ce mata karaban, suna wani lanƙwasa harshe, "Kai, si dis karaban, is beri kul." Mutanen unguwa kuwa ba su wahalar da kansu ba, Ciki-da-falo suke ce mata. Mama ta ce in riƙa kwana a ciki, ina gadi. Ni kuma da na samu mai zuwa gida, na ce ya gaya wa Baba na samu ciki da falo a Samaru. Ban ce masa yana da taya ba.

Malam Gayus ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba ya iya zama, maganarsa kuma sai Mama kaɗai ke ganewa, ita ma ba duka ba. Kalma ɗaya ce take fita tsaf daga bakinsa, gida. Garinsu yana can bayan Saminaka, gindin duwatsu, yana da yaya mace da ta tsufa ta makance, yana da gonar da ya dasa da hannunsa. So yake ya je bikin godiyar kaka a cocin garinsu, ya san kuma ba lalle ya ga na baɗi ba. An taɓa gwada sa shi a ƙaramar mota, kafin a fita Samaru ya yi ta amai yana hawaye, aka juyo. Mama ta ce a ɗauko motar asibiti. Ya buga gado da hannunsa mai lafiya har kofi ya faɗi. Mama ta fassara mini, wai motar asibiti gawa take kaiwa gida, shi kuwa da ransa zai je. Saboda haka babu wata hanya sai Ciki-da-falo, don ita kaɗai ke da gadon da zai miƙe a kai. Aikina ke nan, in tada ta, in kai Malam gida.

Taya muka canza, batir muka canza, tankin gas, wato dizal, muka wanke. Duk wannan bai ba mu wahala ba kamar abu guda, sanin iya inda baƙin mai ya kamata ya tsaya. Injinta ba a gaba yake ba irin na sauran motoci. A ciki yake, tsakanin kujerar direba da ta mai zaman gaba, da murfi a kansa kamar akwati. Akwai geji, wato siririn ƙarfen nan da ake tsomawa a zaro a ga inda mai ya jiƙa. Na tsoma na zaro, ƙarfe a bushe. Na zuba mai, na sake tsomawa, sai ga shi ya jiƙe har kusan mariƙi. Na goge na sake, ya nuna wani wuri dabam. Sau uku, amsa uku. Raina ya ɓaci, na hau acaɓa na ɗauko Oga Emeka.

Ya karɓi gejin ya juya shi, ya yi tsaki. "Wannan ba nashi ba ne. Wani ɓarawon makanike ya ɓatar da na asali, ya sa masa na ƙaramin mota. Layin da ke jiki ƙarya ne." Sa'an nan ya sauko ya ja da baya ya dubi motar. "Kai, Ishaya, yu get ai? Ba ka da ido ne? Dubi yadda ya tsaya!" Sai a lokacin na lura. Shekara da shekaru tana gindin mangwaro, hancinta ya dulmuya cikin kwari, gindinta a sama. Duk man ya gangara gaba. Ko gejin kirki ne ba zai faɗi gaskiya ba.

Muka tara samarin unguwa aka tura ta kan simintin da a da Malam yake shanya masara a bayan gida. Oga bai yarda da idonsa ba. Ya sa na ɗauko farantin Mama na zuba ruwa, muka ajiye a tsakiyar motar, muka yi ta cusa katako a ƙarƙashin taya har ruwan ya kwanta daidai ko ta ina. Sa'an nan ya kwance ƙasan injin, tsohon mai ya tsiyaye kaf, ya sa sabuwar filta. Saura tambaya guda, nawa take ci? Oga ya ce injin ya yi kama da na tsofaffin bas-bas ɗin hanyar Funtuwa, amma ba zai rantse ba. Mama ta ce ita allura ta sani.

Malam ne ya raba gardama. Muka shiga ɗakinsa, Oga ya cire hula, Mama ta sunkuya ta tambaye shi a kunne. Idon tsohon nan ya kawo haske. Ya ɗaga yatsa ɗaya, sa'an nan ya ɗaga na biyu ya lanƙwasa shi. Galan ɗaya da rabi. Oga ya tafa hannu ya ce haka na bas ɗin yake ci. Ranar ce na fara ganin Malam ya yi murmushi, da rabin bakinsa.

Muka auna muka zuba. Oga ya ce in tada ta ta ɗan yi ɗumi, in kashe, mu jira mai ya koma ƙasa. Mama ta kawo shayi, muka shanye, sa'an nan ya ce yanzu. A goge geji da tsumma, a tsoma har ƙarshe, a zaro, a duba gefe biyu, don bututun yana da lanƙwasa, yana shafa wa gefe ɗaya mai. Gefen da ya fi ƙasa shi ne mai gaskiya. Daidai inda mai ya tsaya ya sa magagari ya yi tsaga, ya sake yin wata a ƙasa da ita da faɗin babban yatsa. Ya miƙo mini ya ce, "Ka ga nan biyu? Ƙasa da wannan, yunwa. Sama da wannan, amai. Kada ka ƙara masa ko cokali don kana son shi." Na yi ta alfahari da tsagar nan kamar ni na ƙera motar. Kullum da safe sai na goge, na tsoma, na duba. Muka zaga da ita har Shika muka dawo, lafiya lau, ko tari ba ta yi ba.

Ana jibi tafiya Baba ya iso.

Bai aiko ba. Ya sayar da citta, ya zo Sabon Gari sayen bel ɗin injin niƙa, ya ce bari ya ga ɗakin ɗansa. Ina wanke gilashi sai na ji sallama a bayana. Na juyo, ga Baba da rigarsa ta zuwa coci, da takalmin taya, da zakara a hammata, da buhu a ka. Ya ce, "Ina gidan naka?" Na nuna masa da soso. Ya dubi motar tun daga taya har rufi, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "To. Ba ta yoyo dai ko?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni, ga wasu ɗalibai mata masu haya a maƙwabta suna leƙe ta katanga, su da nake gaisawa da su da ɗan Turancina na aro. Sai na ji ina jin kunyar motar a gaban Baba, ina kuma jin kunyar Baba a gaban 'yan matan.

Mama ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ta karɓi zakara da citta, ta ce, "Baban Ishaya, ga ɗaki a ciki." Ni ne na yi caraf na ce ai a mota zai kwana tare da ni. Tsoro nake kada ya tofa yawu a tsakar gida, ko ya sha miya da ƙara a teburinta. Na yi ta kakkare shi kamar mai ɓoye ƙyanda.

Washegari da la'asar ina duba mai na ƙarshe kafin tafiya, Baba yana zaune a kujerar gaba yana kallo. Mutum ne da ya san inji. Tun kafin a haife ni yake da injin niƙan nan da kuke ji, bai taɓa bari ya kwana da ƙishi ba. Shi kuma injin niƙa, kun sani, ba shi da wani geji. Murfi ake buɗewa a leƙa. In ka ga mai ya taso har bakin rami, ya ƙoshi. In ba ka gani ba, a ƙara. Da na gama na mayar da geji, sai Baba ya miƙa hannu ya murɗe murfin da ake zuba mai, ya kara ido.

"Ishaya, ban ga mai ba."

"Akwai, Baba."

"Ƙarfe nake gani a bushe. Tafiya mai nisa, da marar lafiya."

"Baba, wannan ba injin niƙa ba ne. Ka bar shi kawai."

Haka na ce, da ƙarfi, don 'yan matan nan suna shanya a bakin katanga, ina so su ji ni ne mai motar. Gejin yana nan kusa da gwiwarsa. In zaro in nuna masa tsagar, in ce ga yadda muka yi da faranti da magagari, ba zai ɗauke ni tsawon shan kofin ruwa ba. Kuma da ya ji daɗin labarin, don irin abin da yake so ke nan. Baba ya mayar da murfin a hankali, ya goge hannunsa a gefen buhu.

Ranar tafiya da safe na shiga cikin gida taya Mama. Muka yi wa Malam wanka, muka sa masa farar riga da hular da ya yi shekaru bai sa ba. Aka ɗauki lokaci, don ɗaga shi sai da dabara. Da muka fito da shi na tarar Baba ya share motar, ya gyara gado, yana zaune a gaba da buhunsa a cinya, fuskarsa a sake. Za mu sauke shi a tasha a Sabon Gari mu wuce. Muka kwantar da Malam, Mama ta zauna kusa da kansa, ta yi addu'a, maƙwabta suna ɗaga hannu. Na murɗa makulli. Ta ɗan yi hayaƙi, na ce sanyin safiya ne. Ta madubi ina ganin Malam ya ja labule da hannunsa mai lafiya yana kallon hanya.

Mun wuce Kwangila ke nan na ji muryar injin ta canza. Muna shiga Sabon Gari sai ta fara gudu da kanta. Na ɗaga ƙafa daga totur, ba ta rage ba. Na fitar da giya na gangara gefe na taka burki, inji sai ƙara ihu yake. Na kashe makulli, na zare shi ma gaba ɗaya, yana hannuna, inji bai mutu ba. Ashe man da ya yi yawa ne ya haura, take shan sa a madadin gas, kuma babu makullin da ke tsayar da wannan. Farin hayaƙi ya rufe titi, 'yan acaɓa suka watse, masu shaguna suna ihu za ta fashe. Hayaƙi ya cika cikin motar, Mama tana kiran sunan Yesu, Malam yana tari kamar ransa zai fita. Ni da Baba muka ɗauke shi da katifar gaba ɗaya muka fito da shi. Muna ajiye shi sai muka ji wata ƙara kamar an jefa guduma cikin tukunya. Daga nan shiru, sai baƙin mai yana malala a kwalta.

Malam Gayus, mutumin da ya koyar da rabin malaman gonar ƙasar nan, ga shi kwance a bakin titi gaban shagon mai sayar da bokiti, hularsa ta faɗi, farar rigarsa ta yi baƙi, jama'a sun kewaye shi suna kallo. Mama ta kwance mayafinta ta rufa masa ƙafafu.

Garejin Oga Emeka ba nisa, ya iso a guje da mutanensa. Ya shiga ya zaro geji ya goge ya tsoma ya fito da shi cikin rana. Duk da abin da ya zube, mai ya wuce tsagar nesa. Ya dube ni.

"Hu put oyil? Ishaya! Ban gaya maka ba? Wane ne ya ƙara mai?"

Mama ma ta dube ni ta saman tabarau. Ni dai na san ban ƙara ba. Sai na ji muryar Baba a bayana.

"Ni ne."

Ya cire hularsa. Ya ce, "Uwar gida, ni ne. Jiya na leƙa ban ga mai ba. Na ce ko yaron nan kunya yake ji ya tambaye ki, ko kuma abin ya yi muku yawa, ga ciwo ga hidima. Ina da galan guda da na saya wa injina. Da kuka shiga wanka sai na juye mata. Na juye duka ban ma ga ya taso ba, har ina cewa da ina da wani." Ya ƙara da cewa, "Ban faɗa ba don kada a yi mini godiya."

Wani cikin makanikan ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Na ji wani yana cewa, "Baƙauye ya ɗauka injin markaɗe ne." Oga Emeka ya daka musu tsawa suka yi tsit. Sai Baba ya durƙusa. A kan kwalta, cikin baƙin man nan, da rigarsa ta coci, ya sa gwiwa biyu a ƙasa gaban Mama. Ban taɓa ganin gwiwar Baba a ƙasa ba sai a gaban Allah. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kowa a wurin yana ganin tsoho ne ya yi wauta, ni kaɗai na san tambayata ya yi na hana shi amsa.

Mama ta sunkuyo wajensa. Ta ce, "Tashi, Baban Ishaya. Don Allah tashi, kada ka ƙara mini wani nauyin." Bai tashi ba sai da Malam ya miƙo hannunsa mai lafiya ya kama masa wuyan hannu ya ɗan girgiza. Ba Baba yake kallo ba. Hanya yake kallo, wajen gabas, inda garinsu yake.

A bayan a-kori-kura muka mayar da shi Samaru. Injin ya fashe ta gefe, Oga ya yi cigiya har Kano da Legas ba a samu irinsa ba. Bikin godiya ya wuce, Kirsimeti ya wuce. Mama ba ta kore ni ba, ba ta kuma taɓa tada maganar ba, wannan ya fi duka ciwo. Na ci gaba da yi wa Malam wanka ina juya shi. Ya daina cewa gida. Kafin Ista ya rasu, kuma motar asibitin nan da ya ƙi ita ce ta kai shi. Ina zaune a baya kusa da akwatin. Da muka isa, yayarsa makauniya ta sa aka buɗe, ta shafa fuskarsa da hannu, ta ce, "Ai ka ce za ka zo." Ban iya cin abincin makokin ba.

Daga baya Mama ta sayar da Ciki-da-falo ga wani mai aski a Dogarawa, ya cire tayoyin ya mai da ita shago. Ta ce za ta nema mini tuƙi a wani wuri, na ce a'a, gida zan koma. Na dawo da jakar da na tafi da ita, ko sabon takalmi ban ƙara ba.

Na gaya wa Baba laifina ne, na faɗa ba sau ɗaya ba. Sai ya ce, "Hannuna ne ya zuba." Ya daina zuwa gonar kowa da sammako. In ya ga ciyawa ta ci maƙwabci, sai ya tsaya a bakin gonar ya duba, ya wuce. Injin niƙa kuwa ya ci gaba da tada shi har ƙarfinsa ya ƙare, sai dai abu ɗaya ya canza. Ke Rahila kin yi wayo lokacin, wataƙila kina tunawa, kuna ma yi masa dariya kuna cewa Kaka ya fara rikicewa. Duk ranar da zai zuba wa injin mai, sai ya buɗe murfi, ya zuba, ya tsaya da galan a hannu, ya ƙwala mini kira ko ina ina.

"Ishaya! Zo ka duba mini. Ya isa?"

Sai in bar abin da nake yi in zo in leƙa. Kullum man yana daidai bakin rami, inda yake tsayar da shi tun ban zo duniya ba, ko ɗigo bai taɓa kuskurewa ba. Sai in ce, "Ya isa, Baba." Sa'an nan ya rufe.